Tsagar da ke Jikin Ƙarfe

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan tun ranar da wani dattijo Bajamushe, mai kula da wani ɗan gidan ajiye kayan tarihi a wani ƙaramin gari na kudancin Jamus inda nake neman ilmi a lokacin, ya jawo aljihun wani tebur wanda aka shimfiɗe da koren ƙyalle, ya ɗauko wata bindigar hannu baƙa wuluk, ya zare gidan harsashinta, ya leƙa cikinta don ya tabbata babu kome, sa'an nan, maimakon ya nuna mini bakinta ko kunamarta kamar yadda mai nuna bindiga kan yi, sai ya kifar da ita a tafin hannunsa, ya ɗora yatsa a kan ƙarfen gaban mariƙinta, daidai inda yatsun mai harbi kan naɗe, ya ce mini, "Samari, karanta nan." Na sunkuya na duba, sai na ga waɗansu 'yan haruffa da alkaluma waɗanda aka buga da guduma, ba su ko daidaita a kan layi ɗaya ba, kowane da ɗigo a gabansa: 124.R.M.G.17. Na ce, "Ranka ya daɗe, haruffan na gani, amma ma'anarsu ta shige mini duhu." Ya ce, "To, zauna."

Bindigar nan irin wadda duniya ta sani da sunan Luger ce, wadda sojan ruwan Jamus suka ɗauka a 1904, sojan ƙasa kuma a 1908, mai cin harsashi takwas. A kan bayanta akwai tambarin kamfanin DWM na Barlin da ya ƙera ta, haruffa uku sarƙe da juna kamar zayyanar bangon Alƙur'ani, a gabansa kaɗan kuma akwai shekarar 1913. A gefen dama ga waɗansu ƙananan haruffa, kowane da kambin sarauta a bisansa, shaidar ma'aikatan gwamnati da suka duba aikin suka karɓa, ga kuma hoton gaggafa wanda ke shaida an gwada ta da harsashi mai ƙarfi fiye da ƙima ba ta fashe ba. Dattijon ya ce duk waɗannan an buga su ne kafin bindigar ta bar masana'anta, saboda haka labarin haihuwarta kaɗai suke bayarwa, wanda takwarorinta dubbai ke tarayya da ita a cikinsa. Rubutun mariƙi kuwa a bariki aka yi shi, da hannun maƙerin runduna, shi ne kuma ke faɗin gidan da ta zauna da mutanen da suka riƙe ta.

Ga fassarar yadda ya warware mini ita. Alkaluman farko tare da harafin R suna nufin rundunar sojan ƙasa ta 124, M.G. suna nufin kamfanin bindiga mai ruwa na wannan runduna. 17 kuwa, wanda aka buga da alkaluma ƙanana fiye da na farko, lambar makamin ce a cikin littafin kamfanin. Rundunar nan ta masarautar Württemberg ce, mazauninta garin Weingarten, a cikin tsohon gidan ruhubanawa wanda aka mayar bariki. A wancan zamani kowace runduna tana da bataliya uku, kamfani goma sha biyu, sa'an nan aka ƙara mata na goma sha uku mai bindiga mai ruwa guda shida. Da yake kuwa masu jan wannan ƙatuwar bindiga da akwatunan harsashinta ba su da hannun ɗaukar doguwar bindiga, sai aka rataya wa kowannensu ƙarama a ɗamara. Wanda ya san wannan, ya kuma san cewa mutanen Weingarten sun shiga wuta a Bleid, cikin ƙasar Beljiyam, ran 22 ga Agusta 1914, daga nan suka shafe watanni a dajin Argonne, har suka je suka tsaya a Guillemont, a fagen Somme, cikin Agustan 1916, to, ba zai ƙara duban wannan ƙarfe da idon da ya fara dubansa ba. Ni dai a ranar nan abin da ya faɗo mini a rai shi ne tsagar gado, wadda a can gida idan dattijo ya dubi kuncin baƙo zai ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, tun baƙon bai buɗe baki ba.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya game da niyyar waɗanda suka ƙago wannan al'ada, domin ba tarihi ne a gabansu ba, lissafin dukiyar gwamnati ne. Dattijon nan, wanda a ƙuruciyarsa ya yi almajirci a hannun wani maƙerin 'yan sanda, har ya riƙe ɗan ƙarfen nan mai harafi a baki yayin da maigidansa ke sauke masa guduma, ya ce manufar ita ce idan an jera makamai ranar bincike a san na wa ne ya yi tsatsa, idan an tsinci bindiga a gidan giya ko a hannun dillali a san kofur ɗin da za a tuhuma. Ma'aikatar yaƙi ta masarautar Furushiya ta sha fitar da ƙa'idodi a kan haka, mafi shahara ita ce ta watan Janairu 1909, wadda ta ƙayyade harafin kowane sashe, da girman alkaluma, da wurin da za a buga a jikin kowane makami. Wani abu kuma da ya biyo bayan wannan, wanda na daɗe ina juya shi a zuciyata, shi ne hafsoshi su ke sayen bindigoginsu da kuɗin aljihunsu, kamar yadda suke ɗinka kakinsu, don haka galibi babu lambar runduna a jikin tasu, sai dai wani lokaci a ga sunan mai ita an zana shi da ado. Bindiga mai lambar runduna ta ƙaramin soja ce, ɗan manomi ko ɗan masaƙa, wanda aka ba shi aro aka kuma karɓe, aka miƙa wa wanda ya gaje shi. Masu gwanjo a yau, da zarar sun ga 124.R., sai su yi ta ambaton shahararren hafsan nan Erwin Rommel, don ya shiga wannan runduna a 1910, alhali kuwa ƙarfen bai ambaci sunan kowa ba, kuma mutanen da ya fi kusa da su su ne waɗanda ba a rubuta littafi a kansu ba.

Haruffan kansu ilmi ne mai zaman kansa, mai tarko da yawa. A na nufin masu igwar fage, A.F. masu manyan igwa, P maginan gadoji da mahaƙan ramuka, T masu jigilar guzuri, G dakarun fadar sarki. Sojan doki kuwa kashi-kashi ne, U ga Ulan, waɗanda aka fi sani da mashi, H ga Husar, D da K ga waɗansu biyun, don haka 13.U.2.30. makami ne na talatin a rukuni na biyu na mahayan da ke zaune a Hannover. Da yake kuma daular Jamus da aka haɗa a 1871 ba ta narkar da masarautunta gaba ɗaya ba, Bafariya ta riƙe lissafin rundunoninta dabam, sai aka riƙa sa B a gaba don kada a gauraya rundunarta ta biyu da ta biyun Furushiya. Amma harafi ɗaya yana iya ɗaukar ma'ana uku ko huɗu gwargwadon muhallinsa da zamaninsa. L a zamanin Kaisa, sarkin daular, sojojin ajiya ne manya a shekaru, a bayan yaƙin da aka fara a 1914 kuwa 'yan sandan karkara ne na Furushiya. S.B. a hannun 'yan sanda Barlin ke nan, amma III.S.B. bataliya ce ta uku ta sojan ruwa, wadda ta zauna a Tsingtau a gaɓar ƙasar Sin har ta miƙa wuya ga Japanawa cikin Nuwamban 1914, ka ga tsakanin fassara da fassara akwai tafiyar rabin duniya.

Na taɓa faɗawa cikin irin wannan tarko, kuma har yau ina jin nauyinsa. Wata tsohuwa ce ta zo da libarbar mahaifinta a naɗe cikin tawul, irin samfurin 1883 mai harsashi shida, tana son a gaya mata inda ya yi soja, domin ya rasu tana goye, uwarta kuma ba ta son zancen. Dattijon ya miƙo mini don ya jarraba ni, na karanta alkaluman da harafin R, na ambaci rundunar da garinta da ƙarfin zuciya, har matar ta fara rubutawa a bayan wata ambulan. Sai ya karɓa, ya kai ta bakin taga, ya ce, "Ɗana, sake duba wannan harafi, a tsaye yake ko a kishingiɗe?" Ashe R ɗin mai lanƙwasa ne irin na rubutun hannu, wanda a ƙa'idarsu yake nufin rundunar ajiya mai ɗauke da wannan lamba, wadda ba a tara ta sai an buga gangar yaƙi, kuma sau da yawa fagen da aka kai ta dabam ne da na takwararta. Malamanmu na hadisi suna kiran irin wannan kuskure tas'hifi, wato canza kalma saboda ɗigo ko kamannin harafi, kuma duk wanda ya tashi da rubutun Gabas ya zo ya ɗauki allon makarantarmu ya san shi, inda ɗigo ɗaya a sama ƙaf ne, fa kuwa nata ɗigon a ƙasa yake. Da matar nan ta fita da abin da na faɗa mata, da ta ƙare kwanakinta tana yi wa mahaifinta makoki a kan wata ƙasa da bai taɓa takawa ba.

Sauran ƙasashen Turai kowace da tata hanya, ko da yake ba wadda ta kai Jamus naci. Turawan Ingila sun fi damuwa da shaidar mallaka, wato kan kibiyar nan mai faɗi, wanda a da ake haɗa shi da B.O., bayan an rushe tsohuwar hukumar makamai a 1855 kuma aka koma W.D.; idan aka ga kibiya biyu sun haɗa kai da kai a jikin libarbar Webley, to, gwamnati ta sayar da ita ta halal, ba sato ta aka yi ba. Faransawa sukan rubuta sunan masana'anta, kamar Saint-Étienne, da shekara a jikin bututun, tsofaffin bindigoginsu na ƙanƙara kuma na zamanin Nafoliyon ana kiransu da shekarun kalandar juyin juya hali, ta tara da ta goma sha uku. Mutanen Ostiriya sun yi dabara mai kyau a bindigar Roth-Steyr ta 1907, suka dasa ɗan faifan ƙarfe a katakon mariƙi don a buga lambar runduna a kansa. Haruffan ELG kuwa cikin da'ira mai siffar ƙwai, waɗanda sabon shiga kan ɗauka sunan wata runduna ne, shaidar gidan gwaji ne na birnin Liège, wanda bindigoginsa suka cika kasuwannin duniya.

Abin da ya fi taɓa ni a cikin aljihun teburin nan shi ne bindigogin da aka soke lambarsu. Idan makami ya bar wata runduna ya koma wata, maƙeri ba ya goge tsohuwar lamba, sai ya bi ta da ƙananan giciye ko ya ja mata layi, ya buga sabuwa a ƙasa ko a gefe, har a kan sami mariƙi ɗaya mai layi uku, nasihi a ƙarƙashin mansuhi, kowane ana iya karanta shi. Libarba takan fara a hannun sojan doki, idan sabuwar bindiga ta zo a tura ta wajen masu igwa, daga nan ta gangara wajen masu jigila ko masu ɗaukar majinyata, kamar rigar da wa ya tuɓe wa ƙane. Daga cikin waɗannan layuka mutum zai iya bin yadda al'adar kanta ta tsufa. An shirya ta ne domin sojan zaman lafiya, wajen mutum dubu ɗari takwas, kowace runduna da garinta da maƙerinta wanda ya san makamansa ɗaya bayan ɗaya. Da yaƙi ya zo ya haɗiye mutum wajen miliyan goma sha uku, rundunoni suna narkewa cikin mako guda ana sake cika su, makamai suna zuwa a taragu, ba mai sukunin zama da guduma, ga shi kuma bindigar da ta faɗa hannun abokan gaba tana tona asirin wanda ke fuskantarsu, sai aka ba da umurnin dakatar da bugun kafin 1916 ta ƙare. Wannan ne dalilin da ya sa bindigogin ƙarshen yaƙi, duk da su suka fi yawa, akasarinsu mariƙinsu fayau yake.

Bayan an sha kashi, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta tsuke sojan Jamus zuwa mutum dubu ɗari, makamai kuwa sun watsu cikin gidaje da rumbuna. Gwamnati ta kafa doka a Agustan 1920 cewa kowa ya kawo na hannunsa a ba shi tukuici. Da ta hango cewa waɗansu za su riƙa sato na bariki suna kawowa don su karɓi kuɗin, sai ta sa aka buga 1920 a jikin duk makamin da ke hannun hukuma. Shi ya sa ake ganin Luger mai shekara biyu, ɗaya bisa ɗaya, wanda bai sani ba ya zaci an sake ƙera ta ne, alhali ta biyun hatimin mallaka ce. Sojan sabuwar jamhuriyar Jamus da 'yan sandanta sun farfaɗo da lambar runduna da sababbin haruffa, aka ci gaba da ita har cikin shekarun 1930, sa'ad da masu mulkin lokacin, waɗanda ke gina soja a ɓoye suna sakaya ko sunayen masana'antu a bayan alkaluma, suka bar ta baki ɗaya.

Sa'an nan ƙaddara ta zo ta ɗora wa waɗannan 'yan haruffa nauyin da masu bugunsu ba su taɓa nufa ba. A daren 14 ga Afrilu 1945 jiragen Ingila suka yi wa birnin Potsdam ruwan wuta, taskar takardun soja ta ƙone, mafi yawan littattafan rundunonin Furushiya, da jerin sunayen mutanensu, suka zama toka. Na Bafariya sun tsira a Munik, na Württemberg a Stuttgart, na Saksoniya a Dresden, na Baden a Karlsruhe, don haka mai neman ɗan rundunar 124 yana da inda zai dosa. Amma jikan sojan Furushiya sau da yawa ba shi da kome sai hoto ɗaya, da wasiƙa biyu, da abin da ke rubuce a jikin ƙarfe in an yi sa'a ya wanzu a gidan.

A lokacin da nake zama a gaban dattijon nan, wannan ilmi na 'yan tsiraru ne, kuma a bakin mutane yake. Masu sayen tsofaffin bindigogi a zamanin sun fi son mai sheƙi, suna ganin lambar runduna tabo ce, har na ga wadda aka bi mariƙinta da magagari aka shafe layi biyu aka sake rina ta, ba abin da ya saura sai ɗan kwari inda yatsa kan ji ƙarfen ya sirance. Dattijon ya riƙe ta ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya masu bincike suka shiga taskokin da suka tsira suka tono ainihin ƙa'idodin, irin aikin da Joachim Görtz da Don Bryans suka buga a 1997, aka sami matani wanda za a koma gare shi maimakon ji-ta-ji-ta. Yau kuwa yaro zai ɗauki hoto da wayarsa ya aika ta intanet, kafin ya gama shan shayi an fassara masa. Na yi murna da wannan sauƙi ƙwarai, domin na san matan da suka mutu ba su sami wanda zai karanta musu ba. Amma da darajar lamba ta tashi a kasuwa, sai ga maƙaryata sun sayi nasu ƙarafan bugu, suna ɗora sunan dakarun fada ko na wata shahararriyar runduna a kan bindigar da ta fito fayau, kamar yadda masu ƙaga hadisi suka riƙa laƙa wa zancensu isnadi mai daraja. Maganin kuwa bai canza ba daga wanda malamai suka sani, wato a gwada ruwaya da tarihi. Shin rundunar da aka ambata ta wanzu a shekarar da ke jikin bindigar? Shin irin wannan sashe an taɓa ba shi irin wannan makami? Shin alkaluman sun bi girman da ƙa'ida ta yanka? Bayan wannan sai a sa gilashi mai ƙara girma a dubi cikin ramin harafin, domin bugun da ya shekara ɗari bakinsa ya lallausa da gumin hannu, tsatsar cikinsa launinta ɗaya da ta kewaye, sabon bugu kuwa gefensa a tashe yake da kaifi, kuma yakan fi na gaskiya kyau da daidaituwa, tun da maƙerin bariki sauri yake yi ya gama da makami ɗari kafin a busa ƙahon abinci.

A wata ziyara ta ƙarshe kafin in komo gida, dattijon ya nuna mini wani banati gajere, ya ce wannan daga wajenku ya fito. A jikin ƙotarsa an buga Sch.K. da waɗansu alkaluma, wato rundunar Jamus ta ƙasar Kamaru, wadda hafsoshinta Turawa ne, dakarunta baƙar fata. Nan take na tuna wani tsoho a unguwarmu, muna yara muna ce masa Baba Soja, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Ingila lokacin da aka ci Garwa a Yunin 1915, yana kuma ba da labarin dutsen Mora, inda Jamusawa da dakarunsu suka ƙi sauka har Fabrairun 1916. Yana da wata wuƙa irin wannan a ƙarƙashin buzunsa, da ita yake fere rake yana raba mana, kuma na tuna sarai akwai rubutun boko a gindinta, domin mun sha sa farce muna ƙwaƙule dattin da ke cikin haruffan. Da na dawo na nufi gidan, na tarar shekara shida da rasuwarsa. Na gaida ƙaramin ɗansa, na yi masa ta'aziyya, na ce, "Yaya, wuƙar nan ta Baba fa?" Ya shiga ɗaki ya daɗe yana bincike, sa'an nan ya fito ya ce ya tuna, ƙotar ce ta karye, suka kai wa maƙeri, ya sare gindin ya sa mata sabuwa ta icen marke.